KAFSO BA GYAƊA BA NE

'Yan'uwana 'yan makaranta da iyayenmu, akwai wani irin magani da Turawa ke kira antibayotik, watau mai kashe ƙwayoyin cuta na bakteriya. Wanda ya fi suna shi ne fenisilin, da Alexander Fleming ya gano a birnin Landan a 1928. Ampisilin da tetrasaikilin, waɗanda mu muke kira kafso, duk cikinsu suke.

A ƙa'ida ba a sayar da su sai da takardar likita. Amma a Samaru da Sabon Gari, mutum yakan shiga kemis ya ce a ba shi kafso biyu, kamar mai sayen gyaɗa. Kada a ce aikin jahilai ne. A 2010 wasu masana na Jami'ar Ahmadu Bello sun buga binciken da ya nuna ɗalibai da yawa a Samaru suna shan waɗannan magunguna ba tare da ganin likita ba. Ashe sanin sunan magani daban, sanin aikinsa daban.

Ga inda ɓarnar take. Na farko, mura bairus ne ke kawo ta, antibayotik kuwa ba ya taɓa bairus. Zazzaɓin cizon sauro ma maganinsa daban ne. Na biyu, in mutum ya sha na kwana biyu ya bari don ya ji sauƙi, raunanan ƙwayoyin ne suka mutu, masu taurin kai sun tsira. Su ne za su hayayyafa, su kama na kusa da shi, sa'an nan maganin ya daina cinsu. Fleming kansa ya yi wannan gargaɗi a 1945, da ya karɓi lambar Nobel. Ga shi masana sun ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya saboda ƙwayoyin da suka gagari magani, kuma yankinmu na Afirka ta Yamma ya fi ko'ina jin jiki.

Saboda haka in ciwo ya zo, a nufi asibiti a yi awo. In likita ya rubuta magani, a sha yadda ya ce, kada a rage saura don ƙane ko aboki. Iyaye kuma kada a cusa wa ɗalibi kafso cikin akwati ranar komawa makaranta. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya, amin.