Mahaɗin Mota da Tirela: Ire-irensa da Sunayensa

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta taso daga Nyanya ta ratsa Jikwoyi da Kurudu da Orozo zuwa Karshi, ba zai rasa ganin mota tana jan wani abu a bayanta ba: tarakta da tankin ruwa, a-kori-kura da janareto, ko kan tirela da doguwar bodi cike da siminti. A wannan ɗan rubutu ina so in ja hankalin mai karatu zuwa ga ƙarfen da ya haɗa mai ja da abin da ake ja. Ni da na koyi Hausa a kasuwa da aji, na lura kowa yana da sunan da yake ba shi. Zan kira shi mahaɗi, daga aikatau haɗa, kamar yadda aka sami maɓalli daga ɓalla. Abin da ya bambanta ire-irensa shi ne inda nauyin kaya yake sauka a jikin mota.

Wanda aka fi gani a bayan jif da a-kori-kura shi ne mahaɗi mai dunƙule. Wani mulmulallen ƙarfe ne kamar ƙwai, ana ɗaure shi a casis ɗin mota a ƙarƙashin bamba. A bakin tirelar kuma akwai ƙoƙo da ke kifuwa a kansa a kulle, sai ya riƙa juyawa duk inda mota ta karya kwana. A nan ne ya kamata mu ɗan daɗe, domin motocinmu na Kwatano daga wurare biyu suke zuwa. Dunƙulen Turai milimita 50 ne. Na Amurka kuwa da inci ake auna shi, kuma an fi samun iri 3: inci 1 da 7/8, inci 2, da inci 2 da 5/16. Inci 2 daidai yake da milimita 50.8, wato ido ba zai raba shi da na Turai ba. Idan aka kifa babban ƙoƙo a kan ƙaramin dunƙule, zai zauna kamar lafiya lau, amma ramin farko da aka faɗa yana iya fizge shi. Shi ya sa ake ƙara sarƙoƙi biyu a gicciye a ƙarƙashin mahaɗin, don su tallafe bakin tirela idan ya kuɓuce.

Da yake wannan mahaɗi a can ƙarshen mota yake, bayan tayoyin baya, lodin kaya yana da ƙa'ida. A Amurka ana ba da shawarar kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyin tirela ya sauka a kan dunƙulen. In kaya suka koma baya, tirela ta dinga wutsil-wutsil ke nan har ta kwashe motar. In suka taru a gaba, sai gindin mota ya dushe ƙasa, gabanta ya ɗaga, sitiyari ya daina kamawa.

Sai mahaɗi mai ƙugiya da zobe, wanda ake gani a motocin soja da na 'yan kwangila. Ƙugiya tana jikin mota, zobe mai kauri yana bakin abin da ake ja. Yana da ƙara da fizga saboda sararin da ke tsakaninsu, amma a ganina shi ya fi dacewa da hanyoyin cikin unguwanninmu da damina, don sararin ne ke ba shi damar lanƙwasa a kwazazzabo. Na tarakta ɗan'uwansa ne: miƙaƙƙen ƙarfe mai huda, a zura ƙatuwar ƙusa, shi ke nan.

Manyan motoci kuwa dabararsu daban ce. A bayan kan tirela, daidai saman tayoyin baya, akwai wani faffaɗan faifai mai tsaga, kullum a shafe da giris. A ƙarƙashin bodi akwai gajeriyar ƙusa mai kaurin inci 2, ko inci 3 da rabi ga masu ɗaukar kaya mafi nauyi. Direba ya yi baya, ƙusa ta shiga tsaga, muƙamuƙin ƙarfe ya cafke ta, sannan a jona tiyon iskar birki da wayar fitila. Tun da nauyin a kan tayoyi yake sauka kai tsaye, kai ɗaya yana iya ɗaukar tan masu yawa ba tare da gabansa ya ɗaga ba. Manoman Amurka sun kwaikwayi haka a a-kori-kurarsu, suka dasa dunƙule a tsakiyar bodi, tirelar kuma aka yi mata lanƙwasasshen wuya irin na dinya. Ban taɓa cin karo da irinsa a Orozo ba.

Ga ɗalibin harshe, faifan nan ya bar mana kyauta. Kalmar tantebur, wadda Bahaushe ke kiran doguwar mota da ita, ta samo asali ne daga sunan Ingilishi na faifai mai juyawa. Sunan ɓangare ɗaya ya zama sunan mota sukutum. Janwe kuwa, wato motar da ke jan wadda ta lalace, ita ba dunƙule ba faifai: ɗaga gaban motar take yi da ƙugiya ko wani ƙarfe mai tallafe tayoyi, ta bar na baya suna gungurawa a kan kwalta.