Ina 'Yan Matanmu a Labaran Tarihi?

Tun da aka fara jin labarin kwashe littattafai daga ɗakunan karatun makarantu a Amurka, mutane da dama a nan suka yanke hukunci cewa littattafan batsa ne kawai. Maganar ta fi haka faɗi. Ƙungiyar marubuta ta PEN America ta ƙirga haramta littattafai sau fiye da 10,000 a shekarar karatu ta 2023 zuwa 2024, kuma da yawa daga cikin littattafan labarin baƙar fata da sauran tsiraru suke bayarwa.

A wannan fage akwai ƙagaggun labaran tarihi na matasa, inda budurwa ce jarumar labari. Misali Copper Sun na Sharon Draper, wanda ya fito a 2006: Amari, 'yar shekara 15, an kamo ta daga ƙasar da yanzu ake kira Ghana a 1738, aka sayar da ita a Carolina, ta gudu zuwa Fort Mose a Florida, matsugunin bayin da suka tsere. Yarinyar da ta karanta wannan ba za ta ƙara kallon bauta a matsayin darasin jarrabawa ba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne namu halin. Su ana cire musu, mu kuwa ba mu ma rubuta ba. Nana Asma'u tana da kimanin shekara 11 aka yi hijira zuwa Gudu a 1804. Yunwa da yaƙi da ƙaura ta taso ciki, kafin ta zama uwar 'Yan Taru. Me ta gani a hanyar? Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta wallafa tarihinta a 1954, ta ba da labarin harin masu kamun bayi da auren ƙuruciya da zuwan Turawa da bakinta. Ko a Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, yaro ne jarumi, wahalar uwarsa tana gefe.

Marubutanmu mata sun cika kasuwa da littattafan soyayya, kuma 'yan mata ne manyan masu karantawa. Masu karatu na nan, tarihi na nan. Hukumomin ilimi su sa gasa da lada mai tsoka, malaman tarihi su buɗe wa marubuta kundayensu, iyaye kuma su riƙa saye. Kowace tsohuwar da muka binne ba mu tambaye ta ƙuruciyarta ba, da littafi guda ta tafi.