Ƙwallon Kwandon 'Yan Mata Da Furfurar Mai Horarwa: Darasi Ga Ƙasar Yawuri

Ranar 3 ga Agusta, 2025, a birnin Abidjan na ƙasar Kwaddibuwa, tawagar matan Nijeriya ta ƙwallon kwando, wadda ake kira D'Tigress, ta doke Mali da ci 78 da 64, ta ɗauki kofin nahiyar Afirka karo na biyar a jere. Shekara guda kafin nan, a gasar Olamfik ta birnin Faris, su ne tawaga ta farko daga Afirka, ta maza ko ta mata, da ta shiga sahun takwas na ƙarshe a wannan wasa, bayan sun doke Ostireliya da Kanada. Wadda ta ja ragamarsu a waɗannan nasarori mace ce, Rena Wakama, haifaffiyar 1992.

Irin wannan labari ba ya tsayawa a Abuja da Legas. Rediyo da wayar hannu sun kai shi har Yelwa da Shanga da Warra da ƙauyukan bakin tafkin Kainji, kuma 'yan mata ɗalibai sun ji. Shi ya sa tambayar da iyaye kan kawo wa masu wa'azi ta ƙara yawa: shin ya halatta 'ya mace ta buga ƙwallo a makaranta? Tambaya ce mai kyau, kuma za mu amsa ta. Sai dai akwai wata a bayanta da ba kasafai ake yi ba, alhali ita ce ta fi wuya: idan ya halatta, wa zai koya musu? Amsar wannan ta biyu tana komowa kan mutanen da suka ba arba'in baya, waɗanda suka taɓa gudu da tsalle, yau kuma gwiwa ta fara yi musu gargaɗi.

Tseren da ya zo a hadisi

Imamu Ahmad da Abu Dawuda sun ruwaito daga Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, cewa ta yi tseren gudu da Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallam, a wata tafiya, lokacin tana yarinya marar nauyin jiki, ta kuwa tsere masa. Bayan shekaru, da ta yi jiki, suka sake tsere a wata tafiyar, ya tsere mata, ya yi dariya yana nuna mata cewa wannan ramuwar waccan ce. A ruwayar Ahmad an ambaci cewa sai da ya umarci sahabbai su yi gaba kafin a yi tseren.

Abubuwa uku ne malamai ke tsinta a nan. Na farko, motsa jiki da wasa ba su haramta ga mace ba. Na biyu, an kiyaye suturarta da mutuncinta, domin an nisantar da idon maza. Na uku, wanda ba a cika lura da shi ba, shi ne shekarun Annabi da kansa: ya yi hijira yana da shekara 53, kuma duka tseren biyu bayan hijira aka yi su. Dattijo ne da ya haura hamsin, yarinya ta tsere masa, bai ɗauki hakan ƙasƙanci ba.

Don haka sharuɗɗan da malamai ke gindayawa sanannu ne: a rufe al'aura da tufa mai yalwa, a guji cakuɗuwa da maza, kada a sa caca, kada wasa ya ci lokacin salla ko na karatu, kuma a samu yardar iyaye. Malamai sun sha bamban kan wasan mata a gaban taron 'yan kallo maza, kuma mai tsantseni yana da hujjarsa. Amma filin makarantar 'yan mata mai katanga, ƙarƙashin kulawar malama, bai shiga wannan saɓani ba.

Yadda hijabi ya samu shiga fili

Shekaru da dama dokar Hukumar Ƙwallon Kwando ta Duniya, FIBA, ta hana 'yan wasa rufe kai. A 2014 tawagar matan ƙasar Ƙatar ta janye daga gasar wasannin Asiya a birnin Incheon na Koriya ta Kudu, domin an ce sai sun cire hijabi. A Amurka kuwa akwai Bilkisu Abdul-Ƙadir, 'yar birnin Springfield, garin da James Naismith ya ƙirƙiro wannan wasa a 1891. Tana sakandare ta tara maki 3,070, adadin da babu namiji ko macen da ya taɓa kaiwa a jiharta ta Massachusetts. Ta buga wa jami'o'i biyu da hijabinta, amma da ta so zama ƙwararriyar 'yar wasa a ƙetare, sai dokar ta tare ta. Ta zaɓi hijabi, ta shiga fafutukar a sauya doka.

A watan Mayu na 2017 FIBA ta amince da rufe kai, dokar ta fara aiki a Oktoba na shekarar. Sai dai kafin ƙofar ta buɗe, shekarun da ɗan wasa ke ganiyarsa sun fara kuɓuce wa Bilkisu. Ba ta zauna tana kukan abin da ya wuce ba. Ta koma koya wa 'yan mata Musulmi wasan, su shiga ta ƙofar da ita ba ta samu shiga ba. Wannan shi ne zuciyar maganarmu.

Me ya shafi Yawuri?

Wani zai ce, ƙasar da ke fama da rashin tsaro da tsadar abinci, ina ruwanta da ƙwallo? Mutanen masarautar nan ba su manta da ranar 17 ga Yuni, 2021 ba, ranar da 'yan bindiga suka afka wa Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri, a Ƙaramar Hukumar Ngaski, suka kwashe ɗalibai da malamai. 'Yan mata 11 ne suka fi daɗewa a hannunsu, sai a 2023 suka kuɓuta kashi-kashi. Irin wannan masifa ba ta ƙarewa ranar da aka dawo da yara. Takan bar tsoro a zukatan iyaye, ta sa yarinya ta riƙa kallon makaranta a matsayin wurin haɗari.

Tsaro haƙƙi ne da ke wuyan hukuma, kuma babu wasan da zai maye gurbinsa. Amma bayan katanga da masu gadi, yarinya tana bukatar abin da zai sa ta ƙaunaci zuwa makaranta: ƙawaye, da raha, da wata babba da ta san sunanta, wadda za ta tambaya idan ba a gan ta ba. Ƙungiyar wasa tana samar da waɗannan duka.

Ga kuma batun lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar yara daga shekara 5 zuwa 17 su motsa jiki na aƙalla minti 60 a kullum. Binciken da ta fitar a 2019 ya nuna kashi 85 cikin 100 na 'yan mata 'yan makaranta a duniya ba sa kaiwa wannan mizani. 'Yar tsibiri da ke tuƙa kwale-kwale, ko 'yar ƙauye da ke daka da ɗiban ruwa da aikin albasa, jikinta na motsawa. 'Yar cikin gari da ke tashi daga benci zuwa tabarmar Islamiyya, daga nan zuwa waya, ita ce abin dubawa. Waɗannan yara su ne iyayen gobe, kuma jiki amana ne.

Lokacin da gwiwa ta fara magana

Alƙur'ani mai girma, a aya ta 54 ta Suratur Rum, ya jera mana matakan ɗan Adam: rauni, sannan ƙarfi, sannan rauni da furfura. A aya ta 15 ta Suratul Ahƙaf kuma ya ware shekara arba'in, ya nuna cewa a nan ne mutum ke roƙon a kimsa masa godiya da aiki nagari, a kuma shirya masa zuriyarsa. A lura: a daidai shekarun da ƙarfi ya kai ƙololuwa ya fara gangarowa, an juyar da fuskar mumini zuwa ga na baya.

Likitoci ma sun tabbatar cewa tsokar jiki takan fara raguwa sannu a hankali tun bayan shekara talatin, musamman ga wanda ya daina motsi. Mu da muke cikin arba'in ba ma bukatar a karanta mana wannan. Tashi daga zaman tahiya ya isa ya sanar da mu. Ga wanda ya taɓa zama gwanin fili, wannan sauyi ya fi ciwo, domin ido yana ganin inda ƙwallo za ta faɗa, ƙafa kuma ta ƙi kaiwa.

A nan ne mai horarwa kan faɗa ɗaya daga ramuka uku. Akwai mai musun tsufa, wanda ke gasa da ɗalibansa har ya ji rauni, ko ya riƙe ƙwallo yana nuna bajinta yara na tsaye suna kallo. Akwai mai ɗacin rai, wanda kullum zancensa yaran yanzu ba su kai na da ba, yana zagi da tsawa, alhali haushin jikinsa yake hucewa a kansu. Akwai kuma mai janyewa, wanda ya ce tunda ba zai iya tsalle ba, ba shi da sauran amfani, ya tafi da iliminsa gida. Dukkansu sun ɗauka darajarsu a ƙafa take.

Hakeem Olajuwon, Musulmi haifaffen Legas a 1963, ya ci kofin NBA a 1994 da 1995 tare da Houston Rockets, kuma an san shi da buga wasa yana azumin Ramadan. Ya yi ritaya a 2002. Bayan nan ne manyan taurari irin su Kobe Bryant da LeBron James suka riƙa zuwa wurinsa ya koya musu dabarun taka ƙafa a ƙarƙashin kwando. A nan kusa da mu, Ba'amurke Oliver Johnson ya shafe shekaru masu yawa yana horar da matasa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Cikin yaran da suka bi ta hannunsa akwai Masai Ujiri, wanda ke shugabantar Toronto Raptors lokacin da ta ci kofin NBA a 2019. Ƙarfin waɗannan dattawa ya ragu, amfaninsu ya ƙaru.

Mutumin Yawuri ba baƙon wannan hikima ba ne. Wanda ya kalli tseren jirage a bikin Rigata ya san matasa ne ke zuba ƙarfi, amma jirgi ba ya miƙewa sai da ƙwararren da ya san ruwa. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.

Jajin wannan zamani

Tunda sharaɗinmu shi ne mata su koyar da mata, to ina matan? Tarihinmu yana da amsa. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, da ta kafa tsarin 'Yan Taru don ilmantar da matan karkara, ba 'yan mata ta ɗora a gaba ba. Ta zaɓi dattijan mata amintattu, ta naɗa su jaji, ta aza musu malfa, su ne ke jagorantar ayari zuwa wurinta, su koma su karantar. Shekarun da wasu ke ganin sun rage wa mace daraja, su ne suka zama shaidar cancantarta.

A makarantunmu da gidajenmu akwai matan da suka yi wasanni a sakandare ko a kwalejin horar da malamai, yau suna arba'in ko hamsin, sun yaye 'ya'ya, iyaye sun yarda da su. Ba a bukatar su yi tsalle. Ana bukatar idonsu da haƙurinsu da usur a wuya.

Abin da ake nema kaɗan ne. Cikakken fili mita 28 ne a tsawo, 15 a faɗi, kwando kuma mita 3.05 daga ƙasa, mutum biyar-biyar a kowane ɓangare. Inda babu hali, rabin fili da kwando ɗaya ya isa a buga uku da uku, salon da ya shiga gasar Olamfik tun wasannin Tokiyo. Ƙwallon mata lamba 6 ce, ta ɗan fi ta maza ƙanƙanta. Maƙeri ko mai walda a Yelwa zai iya haɗa ƙarfen kwando, kafinta ya yi allon. Lokacin da ya dace shi ne bayan La'asar, a tashi kafin Magariba, tare da wadataccen ruwan sha, musamman a zafin Maris da Afrilu. Sannan mai horarwa ta sani cewa tsinkewar jijiyar gwiwa ta fi samun mata a irin wannan wasa, don haka ɗumama jiki da koyar da yadda ake dira bayan tsalle wajibi ne kafin a taɓa ƙwallo.

Ga iyaye maza, musamman waɗanda suka taɓa wasa, aikinsu yana bayan katanga: su tara kuɗin siminti da ƙwallo, su koyar da malaman mata dokoki, su tsare hanya, su kare shirin daga masu tsegumi. Ga shugabannin makarantun Islamiyya da ƙungiyoyin iyaye da malamai, su zauna su rubuta sharuɗɗa tun farko, kowa ya san iyaka. Ga ɗalibai kuma, su sani wadda ta fara sakaci da salla ko darasi saboda ƙwallo, ita ta ba masu hanawa hujja.

Hadisin da Hakim ya ruwaito ya kwaɗaitar da mu ribatar ƙuruciya kafin tsufa, da lafiya kafin ciwo. Wanda ƙuruciyarsa ta wuce bai fita daga wannan umarni ba, domin yana iya taimaka wa wani ya ribaci tasa, kuma ilimi mai amfani yana cikin ayyukan da ladarsu ba ta yankewa. Ranar da yarinyar da kika koya wa riƙon ƙwallo ta wuce ki da gudu, Malama, ki yi hamdala, domin aikinki ya yi kyau.

Allah Ya tsare mana 'ya'yanmu da makarantunmu, Ya sa tsufanmu ya zama mai albarka, Ya sa mu gama da duniya lafiya.