Dafin Da Ke Cikin Dankalin Turawa

Dankalin Turawa da a ke kasawa a kasuwar Kafanchan galibinsa daga tudun Jos a ke sauko da shi, wajajen Bokkos da Mangu, inda sanyi ya ke yi masa daɗi. Abinci ne mai kyau, amma akwai wani abu game da shi wanda ya kamata kowane ɗalibi ya sani, balle mai kula da sito.

Shi wannan tsiro yana da wani dafi da Allah ya halicce shi da shi don kare kansa daga ƙwari. Masana suna kiransa solanin. A cikin lafiyayyen dankali ɗan kaɗan ne, ba ya komi. Amma in aka bar shi cikin haske, ko ya ƙuje, ko ya daɗe har ya fara tsiro, sai dafin ya ƙaru, musamman a ɓawo da idanun. In ya wuce miligiram 200 a kilo ɗaya, bai kamata a ci ba. To, mu ba mu da awo a madafa, sai ido da harshe. Koren nan da ke fitowa a ɓawo ba shi ne dafin ba, alama ce kurum, don hasken da ya kawo shi shi ke ƙara dafin. Ɗaci kuwa da ƙaiƙayin maƙogwaro sun fi koren tabbata.

A 1979 likitoci a Ingila suka buga labarin wata makarantar 'yan maza a kudancin Landan. An dawo hutu, aka dafa musu dankalin da ya yi hutun cikin sito. Yara 78 suka kwanta da amai da gudawa da ciwon ciki, waɗansu har suka ruɗe, aka kai 17 asibiti. Duk sun warke, amma da ƙyar waɗansu suka sha.

Kada wani ya ce ai wuta za ta kashe shi. Rogo mai ɗaci akan jiƙa shi, a shanya, dafinsa ya fita. Na dankali kuwa tafasa ba ta kawar da shi duka, suya ma haka. Maganin wuƙa ce. A fere da kauri, a ƙwaƙule idanu da tsiro. Wanda koren ya shiga cikinsa, ko ya yanƙwane, a zubar, kada a yi kwaɗayin kuɗin da aka biya. Sauran kuwa a ajiye shi wuri mai duhu da iska, kuma kada a bar ko buhu guda a sito ranar da a ke tashi hutu.