Masu haɗa Wi-Fi a N'Djamena, ku bar mayar da na'urorinmu 'yan Bolibiya

A unguwanni irin su Dembe, Moursal da Chagoua, ba ka yin nisa sai ka ga mai sayar da tikitin Wi-Fi. Sana'ar ba ta da laifi. Abin da ke ba ni haushi shi ne aikin yaran da ake kira su kafa na'urar. Suna buɗe saitin sai su nufi gurbin zaɓen ƙasa, su tsallake TD, wato lambar Chadi, su danna Amurka ko Bolibiya. Ka tambaye su dalili, sai ka ji: "Alhaji, don ya ƙara ƙarfi ne, ya kai har bayan layi." Wani ma ko kallon gurbin ba ya yi, yadda na'urar ta fito daga kwalin Dubai haka zai rataye ta ya karɓi kuɗinsa.

To wa ya gaya musu ƙarfi shi ne magani? Dabarar Bolibiya ta yaɗu ne don a da lambar ƙasar kan buɗe wa na'ura ƙarfin wat 1, ninki goma na miliwat 100 da aka ƙayyade a Turai a zangon 2.4 GHz. Amma wayar da ke hannun mai sayen tikiti ba ta ƙara komai ba. Tamkar mai kira da lasifika ne, wanda ake kiran kuma yana amsawa da raɗa. Sandunan sigina su cika a fuskar waya, saƙo ya ƙi tafiya. Maƙwabci ya ga nasa ya dagule, shi ma ya kira yaronsa ya ƙara. Wanda ya zaɓi Amurka kuwa ya rufe wa kansa tasha ta 12 da ta 13, don can daga 1 zuwa 11 ake amfani da su.

Mafi muni yana zangon 5 GHz, inda Wi-Fi ke raba wuri da na'urorin rada, har da na hasashen yanayi. Lambar ƙasa ce ke sanar da na'ura inda za ta saurara ta kauce musu. Mu kuma filin jirgin saman Hassan Djamous a jikin gari yake.

Na'urori masu aiki da Linux, kamar masu OpenWrt, suna ɗauko waɗannan ƙa'idoji daga wani buɗaɗɗen kundi mai suna wireless-regdb da ke kernel.org. Kowace ƙasa 'yan layuka gare ta: zango kaza, ƙarfi kaza. Kowa na iya aika gyara, amma sai ya haɗa da hujja daga takardun hukumar sadarwar ƙasar, wato ARCEP a nan Chadi, wadda ta gaji OTRT. Ɗaliban makarantar ENASTIC da Jami'ar N'Djamena, ga aikinku: ku nemo takardun ARCEP, ku gwada su da layukan TD, in akwai saɓani ku aika gyara.

Kai kuma mai shago, tsaya a kan yaron har ka ga TD da idonka. In sigina ba ta kai ba, a ɗaga na'urar sama a fitar da ita daga bayan kwano, ko a ƙaro ta biyu a ja mata waya zuwa ɗaya gefen gidan.