Yadda Filifin Ta Shiga Yaƙin Biyetnam da Allura da Shebur

A 1954, da aka raba Biyetnam gida biyu, dubban ɗaruruwan mutane suka baro arewa zuwa kudu, ga yunwa ga cuta. Ƙungiyar matasan 'yan kasuwa ta Jaycees a Manila, bisa jagorancin Oscar Arellano, ta tura musu likitoci da ma'aikatan jinya. Shirin, mai suna Operation Brotherhood, ya koma Lawos a 1957, yana buɗe asibitocin ƙauye da koya wa 'yan ƙasar aikin jinya har 1975.

Da yaƙi ya ƙazanta a Biyetnam, Amurka ta matsa wa ƙawayenta su kawo sojoji. Ferdinand Marcos, wanda ya soki tura dakaru tun yana sanata, ya sauya magana bayan ya hau mulkin Filifin. A 1966 ya aika rundunar PHILCAG, mutum kusan 2,000, zuwa lardin Tay Ninh kusa da iyakar Kambodiya. Injiniyoyi ne da likitoci da masu gadinsu. Sun sare dajin Thanh Dien mai cike da nakiyoyi, suka shimfiɗa hanya, suka gina matsugunin 'yan gudun hijira, suna bin ƙauyuka suna cire haƙori da ɗaure rauni. Cikin hafsoshinsu har da Fidel Ramos, wanda ya zama shugaban ƙasar Filifin a 1992.

Aikin ya amfani talakawa ƙwarai, amma akwai siyasa a ƙarƙashinsa. Jami'in leƙen asirin Amurka Edward Lansdale ya dafa wa shirin farko, wato Operation Brotherhood, kuma a 1969 binciken majalisar dattawan Amurka ya bayyana cewa Washington ta kashe wa PHILCAG kimanin dala miliyan 39. A Disamban shekarar aka janye rundunar.