Bayani A Kan Injin Neman Kuɗin Da Ke Binne, Da Abin Da Mai Saye Zai Duba



Dalilin wannan bayani shi ne, a kwanakin nan wani dillali ya same ni a rumfa, ya ce wani bawan Allah zai rushe tsohon gidan kakansa a cikin birni, kuma tun yana yaro yake jin cewa tsohon ya binne kuɗi a ɗakin da yake kwana. To ya ba shi sautun injin nan mai jin ƙarfe a ƙarƙashin ƙasa, ya ce a samo masa wanda ya fi kowanne nisan ji, ko nawa ne. Na ce da shi, Malam, dakata tukuna. Mu da muke harkar hatsi ba mu biyan kuɗin buhu sai mun caka mun ga ƙwayar da ke ciki. Mai son wannan inji kuwa abu biyu zai fara sani kafin ya tambayi farashi: wane irin kuɗi ne ke kwance a ƙasar Kano, kuma wace irin ƙasa ce ta rufe shi.

Ku sani kuɗin Kano na asali, wanda aka yi ciniki da shi a Kasuwar Kurmi kafin Turawa su ci garin a 1903, wuri ne. Wuri kuwa ba ƙarfe ba ne, ƙwanson wata halitta ce ta teku, saboda haka babu injin da zai ji shi, ko da keso goma ne aka binne. Wanda ya ce maka injinsa yana jin kuɗin zamanin sarakunan Haɓe, to ka riƙe aljihunka. Ƙarfen da ya yi yawo tare da wuri shi ne liyari, watau dalar azurfa ta ƙasar Ostiriya mai kan sarauniya Mariya Tariza. Baturen nan Barth da ya sauka Kano a 1851 ya tarar ana canza liyari ɗaya a kan wuri 2,500, ka ga keso guda mai wuri 20,000 liyari 8 ke nan. Nauyin liyari giram 28 ne, azurfar da ke ciki kashi 833 cikin 1,000. Amma fa kada lambar 1780 da ke jikinsa ta ruɗi kowa. Shekarar da sarauniyar ta mutu ce, kuma duk wanda aka buga bayanta, a Biyana ko Landan ko Bambai, wannan lamba ake sa masa. Sa'an nan mafi yawan liyarin da ya shigo ƙasar nan maƙeran farfaru sun narkar da shi tuntuni, ya koma mundaye da zobba a hannun mata.

Abin da ya fi yawa a ƙasa shi ne kuɗin zamanin Turawa. Akwai anini mai huda, wanda aka fara bugawa a 1907, goma kwabo, da ɗari, da kwabo shi kansa, duk masu huda a tsakiya da tauraro a baya, har da rubutun Larabci mai faɗin ƙimarsu. Waɗannan babu azurfa a jikinsu, kuma an buga su da yawan gaske, ko an samu cikin tulu ba za su mayar da kuɗin batir ba. Wanda ke da daraja shi ne taro da sisi da sule da dala na azurfa, waɗanda Hukumar Kuɗin Afirka ta Yamma ta fara fitarwa a 1913, jim kaɗan bayan jirgin ƙasa ya iso Kano kuma cinikin gyaɗa ya buɗe. Mutanen lokacin ba su yarda da kuɗin takarda ba, ga gara, ga gobara, sai kowa ya riƙa tara farin sule yana zubawa a tukunya. Da azurfa ta yi tsada bayan yaƙin duniya na farko, sai a 1920 aka koma buga sule da dala na tagulla. Ka ga ke nan kwanakin azurfar ba su da yawa. Sule mai bishiyar kwakwa na 1913 zuwa 1919 nauyinsa giram 5.6 da ɗoriya, dala kuwa ninkinsa, azurfarsu kashi 925 cikin 1,000. Dillali ya riƙe waɗannan lambobi, domin da su zai auna ko abin da ake nema ya kai kuɗin abin nema.

To yanzu ga maganar inji. Sanda ce mai wani kewayayyen abu a ƙasanta kamar faifai. A cikin faifan akwai waya a nannaɗe, batir yana tura mata wuta, ita kuma tana aika ƙarfin maganaɗisu cikin ƙasa. In ya haɗu da ƙarfe sai ƙarfen ya amsa, injin ya ji amsar ya yi ƙara a kunnen mai riƙo. Iyakar aikin ke nan, babu wani asiri. Kuma ƙarfin nan yana raguwa da sauri ƙwarai in an yi nisa. Kwabo guda ɗaya tilo, inji mai kyau zai ji shi a zurfin taƙi ɗaya, in ƙasa ta yi daɗi ya kai ƙafa guda, watau inci 8 zuwa 12, kusan daidai faɗin faifan. Tukunya cike da kuɗi ana jin ta fiye da haka saboda girmanta, ta yiwu kamu biyu ko abin da ya kusanci haka. Amma mai cewa injinsa zai nuna maka sule a zurfin gaba biyar, wannan bai taɓa riƙa inji a fili ba, ko kuwa ya taɓa, yana dai son kuɗinka ne.

Wannan magana ta zurfi tana da nauyi a birninmu fiye da wani wuri. Turawa a Ingila da Amurka sukan yi wannan nema ne a lambunan shaƙatawa da gonaki, inda kwabon da ya faɗi shekara ɗari da ta wuce bai nitse fiye da taƙi ba. Mu kuwa ginin ƙasa muka gada. Soro ya faɗi, a baje shi, a ɗora wani a kai, jika ya zo ya sake ɗorawa. Shi ya sa za ka shiga wani tsohon zaure sai ka gangara, domin lungun ya tashi ya bar shi. Daɓen ɗakin da aka binne tukunya a ƙarƙashinsa a zamanin Sarki Abbas yana iya kasancewa yanzu ya yi ƙasa da inda kowane inji zai kai, sai in an kwashe ƙasar sama tukuna. Wani kuɗin ma ba a ƙasa yake ba, a cikin kaurin bango aka toshe shi.

Babbar matsala kuma ita ce ƙasar da kanta. Ƙasarmu ja ce, ga marmara, kuma jan nan ƙarfe ne. Tun fiye da shekara dubu da suka wuce aka riƙa fasa tama a gindin Dala, abin da ya kawo Abagayawa wurin ke nan, kuma kashin maƙera yana nan barbaje a unguwanni. Injin da bai iya da irin wannan ƙasa ba, da ka kunna shi sai ya kama kuka ko'ina, kamar akuyar da aka raba da 'ya'yanta, ba ka sanin ina kuɗi ina dutse. Saboda haka tambayar farko da za a yi wa mai sayarwa ita ce: ana iya daidaita shi da ƙasa? Watau akwai madanni ko maƙunni da za ka sa injin ya saba da ƙasar wurin ya yi shiru a kanta, ya saurari baƙon ƙarfe kaɗai? Ƙananan injuna masu araha da yawa an ɗaure wannan daidaito tun daga masana'anta, a kan ƙasar da ba irin tamu ba. Wanda ba shi da wannan, ni dai ban ba kowa shawarar saye ba, ko da kyauta ake neman yi masa.

Tambaya ta biyu ita ce rairaya. Birni cike yake da kusa, da murfin kwalba, da gwangwani, da guntun kwanon rufi, da mataccen batir. Inji mai kyau yana bambanta baƙin ƙarfe da azurfa ko tagulla, ya ba kowanne irin muryarsa, wani ma ya nuna lamba a fuskarsa. Amma ba ya rasa kuskure: gwangwanin lemo da aka take yakan yi murya irin ta azurfa sak. Kuma in kusa tana kwance kusa da sule, sai ta rufe shi. A nan ne girman faifai ke shigowa. Babban faifai ya fi nisan ji, amma yana haɗiye abu uku a lokaci guda ya rasa wanda zai faɗa. Ƙarami ba ya nisa, amma yana tsince kuɗi a tsakanin tarkace. Mai aiki a kango ko tsakar gida, mai inci 6 zuwa 9 ya fi masa amfani. Mai inci 11 ko fiye sai fili ko gona.

Sai kuma zango. Kamar rediyo, kowane inji yana da zangon da yake aiki a kai, ana ƙirga shi da kilohaz. Mai ƙaramar lamba, kamar 5 zuwa 15, shi ne na azurfa da tagulla, ya fi shiga ƙasa. Mai babbar lamba, 40 zuwa sama, an yi shi ne don ƙananan ƙwayoyin zinariya. Ku lura da wannan da kyau, domin tun da aka gano zinariya a Jado, arewacin Nijar, a 2014, injunan neman zinariya suka cika Agadas, kuma daga can da wuraren haƙa na Zamfara ake samun na hannu suna gangarowa. Daga cikinsu akwai manya masu aiki da bugun wuta, irin su GPX na kamfanin Minelab. Waɗannan sun fi kowa iya jar ƙasa, sun fi kowa nisa, kuma sun fi tsada nesa ba kusa ba. Amma rairayarsu kaɗan ce. A daji inda babu shara wannan ba laifi, a cikin birni kuwa sai ka wuni kana tonon kusa a zurfin kamu. Na neman kuɗi su ne masu zango ɗaya na ƙasa-ƙasa, ko kuwa sababbin nan masu haɗa zango da yawa lokaci guda, kamar Equinox na Minelab da ya fito a 2018, da Legend na Nokta. Kamfanonin da aka sani a wannan sana'a su ne Garrett da Fisher na Amurka, da Minelab na Ostareliya, da XP na Faransa, da Nokta na Turkiyya. Kuma saboda sunansu ya yi, jabunsu ma ya yi yawa, kwali iri ɗaya, fenti iri ɗaya. A duba lambar jikin inji a tabbatar da ita wurin wakilin kamfanin kafin a biya.

Akwai kuma wani iri da nake so 'yan'uwa su guje shi gaba ɗaya: mai eriya kamar ta rediyo, wanda ake riƙewa a hannu a ce zai juya da kansa ya nuna inda dukiya take daga nisan mil guda. Babu komai a cikinsa. Hannun mai riƙon ne ke karkata shi bai sani ba. Irin wannan ne wani ɗan Ingila, James McCormick, ya riƙa sayar wa gwamnatin Iraƙi a kan dubban daloli kowane guda, da sunan yana gano bam, alhali asalinsa abin wasa ne na neman ƙwallon golf. A 2013 kotu a Landan ta ɗaure shi shekara 10.

Gwaji kuwa mai sauƙi ne, kuma kada a yarda da na cikin shago, inda mai kaya zai kaɗa kwabo a iska a gaban faifai. Iska ba ta da marmara. Ka je da tsohon kwabo naka, ku fita inda ke da jar ƙasa, nesa da wayar lantarki da janareta domin suna rikita shi. Ka tona rami taƙi ɗaya ka sa kwabon ka rufe ka take. In ya ji, ka ƙara rabin taƙi. Sa'an nan ka ajiye tsatsattsiyar kusa kusa da kwabon ka sake gwadawa. Mai kayan da ya ƙi wannan gwaji ya riga ya ba ka amsa.

Saura maganar haƙƙi, wadda ta shafi dillali kai tsaye. Dokar kayan tarihi ta ƙasa, Doka ta 77 ta 1979, ta hana tonon neman kayan tarihi sai da izinin Hukumar Gidajen Tarihi, ta kuma ce wanda ya ci karo da irin wannan kaya ya sanar cikin kwana 7, sa'an nan saye da sayar da su sai wanda hukuma ta amince masa. Badala da ƙofofinta suna ƙarƙashin kariyar wannan hukuma, kada kowa ya kai musu inji, balle maƙabarta. Mai neman bayani ya je Gidan Makama, kusa da fada. A wajen malamai kuma, abin da ake fitar wa humusi shi ne rikazi, watau binnen mutanen jahiliyya. Sulen Turawa da Musulmi ya binne a ɗakinsa ba rikazi ba ne. In an san mai shi, na magadansa ne duka, maza da mata, a raba bisa gado. In ba a san shi ba, hukuncin tsintuwa gare shi, sai an yi cigiya. Shi ya sa na ce da dillalin nan, kafin a sayo inji, mai gidan ya tara 'yan'uwansa a gaban mai unguwa a rubuta yadda za a yi in an samu, da wanda zai ɗauki asarar kuɗin inji in ba a samu ba. Kuma in aikin na gida ɗaya ne, haya ta kwana biyu tare da wanda ya iya riƙon ta ishe shi, ba sai ya taɓa jarinsa ba.